Kafin Rediyo Ya Faɗa

"A'a, a'a! Koma waje ka sake shigowa," in ji Dogara. "Wannan sallamar taka, ko akuya ta ji ta san an yi mutuwa."

Na tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa da takalmi a hannu ina huci. Ni fa, Malam Lawal, tsohon hedimasta, wanda yara ke shigewa lungu in sun ji ƙarar babur ɗina Besfa, yau ni ake mayarwa waje kamar ɗan aji ɗaya da ya makara.

"To wai yaya kake so in yi ta?"

"Yadda kake yi in ka ji ƙamshin miyar Hajo. Saki fuska mana. Kai kullum kamar za ka duba farcen yara."

Yana kishingiɗe a gadon ƙarfe, an tokare masa baya da filo, ƙafafun nan sun kumbura suntum. Ya jawo gyalen matarsa Hajo ya yafa a ka, ya karkace baki, ya rungume gwangwanin zarensa a cinya a matsayin rediyo. Wai shi ne yayarsa Ummukulsum ta Kufena. Abin da muke yi kuwa, gara in faɗa tun yanzu kada a ce tsufa ya taɓa mana kai, gwaji ne na yadda zan je in gaya wa tsohuwar nan cewa ƙaninta ya rasu. Ƙanin kuwa ga shi nan da ransa, yana gyara zaman gyale.

Na koma tsakar gida, na yi gyaran murya, na ce, "Salamu alaikum."

"Amin, wa alaikumus salam," ya amsa da siririyar murya. "Wa nake ji kamar Lawandi mai ƙaton kai?"

"Yaya ba ta taɓa ce mini mai ƙaton kai ba!"

"A gabanka ne ba ta taɓa ba. Shigo."

Ni da Dogara katanga ɗaya ta raba mu a Anguwar Kahu, tun zamanin iyayenmu. Tare muka yi makarantar allo, sai aka tsame ni aka kai ni boko, shi kuma aka miƙa masa allura. Ɗinkin babbar riga ya gada, kuma ya iya, ba zan rage masa ba. Amma in ka ce Dogara a birnin Zariya, ba aikin wuyan riga ke zuwa wa mutane a rai ba, kekensa ne. In an haihu, shi ke bin gida-gida da goron suna. In an sa ranar ɗaurin aure, shi ne. In kuwa mutuwa aka yi, kafin a ɗora ruwan wanka ya soke allura a hula, ya naɗe ƙafar wando, ya hau. Tukur-Tukur, Gyallesu, Kufena, duk inda aka kai 'yar unguwarmu aure ko wani namu ya yi ƙaura, ya san ƙofar gidan. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ke biyansa.

Ni kuma tun kafin in yi ritaya na sa wayar tarho a ɗakina, shi kaɗai ne a lungunmu. Kuma ni mutumin rediyo ne, ban ɓoye ba. Tunda gidan rediyo a Kaduna ke karanta sanarwar rasuwa, na ce ai an huta. Birni ya faɗaɗa, 'ya'yanmu sun watsu Legas da Jos da Sakkwato, wace ƙafa ce za ta bi su? To wannan ita ce gardamar da muka tsufa a kanta, kullum bayan la'asar a dakalin ƙofar gidana, shi da ɗinki a cinya, ni da jarida.

"Rediyon nan naka yana cire takalmi a bakin ƙofa?" haka yake farawa. "Yana duba ko matar da zai gaya wa tana tsaye a bakin rijiya? Ko tana riƙe da tafasasshen mai? Ya faɗi sunan ɗan mutum, kafin uwar ta gama faɗuwa ya wuce tallan sabulu."

"Kai kuma kekenka yana zuwa Funtuwa? Yana zuwa Kano? Ran da Malam Jalo ya rasu, kana Gyallesu kana shan fura har muka dawo daga maƙabarta, surukansa ba su samu salla ba."

"Ba fura ta tsai da ni ba. 'Yarsa ce ta sume, ba kowa a gidan. In tafi in bar ta?"

"Amma ka sha furar."

"Da ta farfaɗo ta dama. In ƙi sha in ƙara mata wani baƙin cikin?"

Katin gayyata ma bai tsira ba. In aka miƙo masa sai ya juya shi gaba da baya ya tambayi mai kawowa ta ina ake fara taunawa. In gardama ta yi zafi kuwa, sai ya juyo kan ɗansa Mustapha, wanda ya bi ta hannuna a firamare har ya zama ma'aikaci a Kaduna. Wai ni na lalata masa yaro.

"Yaron da ya kamata ya zo ya durƙusa in ga ko ya rame, yanzu sai ya turo murya ta igiya zuwa ɗakin wani ƙato, a ce in zo in amsa kamar ni ne ɗan."

"Bokon nan dai ne ya rufa maka ɗaki da kwano."

"Shi ya sa nake gasuwa da bazara kamar masara."

Sau ɗaya ya yarda ya riƙe kan tarho. Ya fara gaisuwa daga matar Mustapha, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya, ya gangara kan maƙwabta, yana cikin tambayar lafiyar mai gadin ofis layi ya katse. Ya ajiye ya kalle ni ya ce, "Ka gani? Ko gaisuwa ba ya iya jurewa." Mutanen dakali rabi nawa ne rabi nasa, kuma ban taɓa ganin wanda ya sauya sheƙa ba.

Da farkon daminar shekarar da aka yi wahalar fetur ƙafafunsa suka fara kumbura. Mustapha ya zo muka kai shi asibiti, kuma abin mamaki bai yi musu ba, allura da ƙarin ruwa duk ya karɓa. Bayan 'yan makonni likita ya ja mu gefe ya ce ƙoda ce ta gaji, su dai sun yi iyakar nasu. Muka koma wajensa muna ta murmushin ƙarya. Dogara ya dube mu ɗaya-ɗaya ya ce, "Ku haɗa mini kayana. Wannan murmushin sana'ata ce, ba ni za a yi wa ba." Muka dawo da shi gida.

A ranar, da masu sannu da zuwa suka watse, ya riƙe mini hannun riga.

"Lawal, tunda muke ban taɓa roƙonka komai ba."

"Ban da tsani, da famfon keke, da tabarmar baƙi."

"Waɗannan aro ne. Wannan roƙo ne." Ya kalli rufin ɗaki. "Kada Yaya ta ji ni a cikin akwatin rediyon nan."

Nan da nan na gane. Yaya Ummukulsum ita ta goye shi, don mahaifiyarsu ta rasu ba a daɗe da yaye shi ba. Yanzu ta tsufa tukuf, ga hawan jini, ga ido ya yi rauni, tana zaune a gidan ɗanta a gindin dutsen Kufena. Ɗan nata direban babbar mota ne, ba kullum yake kwana gida ba. Matarsa Sailuba malamar firamare ce, sai bayan azahar take dawowa. Saboda haka tsohuwar ita kaɗai take wuni a tsakar gida da rediyonta. Abin dariyar ma, ɓangarena take. Ba ta bari sanarwar rana ta wuce ta, ta ce a nan take jin wa ya rage cikin sa'o'inta. Ta sha gaya wa Dogara a gabana cewa rediyo ya fi shi zumunci, don shi kullum yana zuwa. Ta zo duba shi tun ciwon bai yi nisa ba, ya saka babbar riga ya zauna daram ya yi ta zuba mata surutu, ta koma gida da sanin sanyin damina ne kawai.

"Ga 'yan'uwa cike da gari," na ce. "Me ya sa sai ni, da ka ce ban iya komai ba sai jan kunnen yara?"

"Su gani suke sun iya, ba za su tsaya in koya musu ba. Kai kuwa ka san darajar darasi." Ya lumshe ido. "Kuma kana da Besfa."

"Besfar da kake cewa tana firgita awaki?"

"Ita. Na san Mustapha, a wannan fannin ɗanka ne, gidan rediyo zai fara nufa. Keke ba zai riga shi ba."

To ka ji asalin darasin da ya sa nake ta shiga da fita a ƙofar ɗakinsa. Ranar nan da na samu sallamata ta karɓu, na zauna a tabarma na gaishe shi kamar yadda zan gaida Yaya. Ya turo mini kwanon sha, na ce alhamdu lillahi, ba na jin ƙishi. Nan take ya fizge gyalen daga kansa.

"Ka faɗi! Wa ya ce maka don ƙishi ake sha? Duk wanda ya ƙi ruwa ai ya gama faɗin labari. Kana sha kana dubawa ta saman kwano, a zaune take ko a tsaye, akwai wuta kusa, akwai wuƙa a hannu. In tana tsaye ka ce ƙafarka na ciwo, ta zauna don Allah ta rage maka nauyin miƙewa."

"Ƙarya ke nan."

"Ƙafar taka ba ta ciwo?"

"Tana yi."

"To."

Hajo ta leƙo da tsintsiya a hannu, idanunta jawur. "Malam, don girman Allah ku bar wannan wasan. Mutum yana raye ana kai labarinsa? Hedimasta, kai ma da hankalinka ka biye masa?"

"Hajo, duk waɗanda na kai labarinsu ba wanda ya samu ya duba aikina," in ji Dogara. "Ni Allah ya ba ni dama in duba nawa, sai in ƙi? Miƙo mini farin mayafin can, wannan mai furen ya yi wa Yaya yarinta."

Ta yi tsaki ta jefo masa mayafin ta juya. Muna jin ta a bakin murhu tana dariya tana fyace hanci.

Na tambaye shi yadda zan yi da rediyon, tunda ba ya barin cinyarta. Ya ce in ce ta miƙo in duba mata batir, ai ni ne masanin inji, in kashe in sa a bayana. Sannan ba a fara da mutuwa. A ce jiki ya yi nauyi, a yi shiru, a bar mutum ya tako da ƙafarsa. In ya tambaya sai a faɗa sak, da suna, ba kewaye-kewaye, don ya ce ya taɓa ganin wanda ya yi ta kwana-kwana har matar ta ɗauka surukarta ce ta mutu, ta yi haƙuri, daga baya aka ce mata mijinta ne.

Kan ka ce me, labari ya bazu a unguwa. Masu zuwa dubiya suka riƙa daidaita zuwansu da lokacin darasi. Tsofaffin dakali suka dawo ɗakin Dogara suka cika ƙofa, kowa da nasa gyaran. Wannan ya ce na yi sauri, wancan ya ce na cika kallon ƙasa. Ya'u mai shayi, wani tsohon ɗalibina da na sha zanewa a kan lissafi, yanzu da furfurarsa, ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake, ba a ci ba." Ɗakin ya ɗauka da dariya, Dogara ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi. A kwanakin nan ya fi cin abinci, ya fi samun barci. Wallahi tunda nake da shi ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na lokacin ba, yana kwance yana juya tsohon hedimasta son ransa.

Ni kuwa ina dariyar ne, amma tsoro nake ji. Wata rana da hantsi muka yi mu biyu kawai. Komai ya tafi daidai, na sha ruwa, na karɓi gwangwanin zare na sa a bayana, na ce jikin Dogara ya yi nauyi. Ya ce da muryar Yaya, "Nauyi kamar yaya, Lawandi?" Na buɗe baki na ce, "Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Dogara rasuwa." Ban san sanda muryata ta karye ba. Sai ga hawaye na bin gemu.

Ya zame mayafin a hankali ya ninke shi.

"Ka iya," ya ce. "Sai dai hawayen, ka riƙe su sai ta fara. Nata ne na farko."

Daga ranar bai sake kiran darasi ba.

Fetur a lokacin sai wanda ya gani. Na wuni a layi a Tudun Wada na cika tankin Besfa, na jingine ta a zaure na rufe da buhu, na koma zuwa kasuwa da masallaci a ƙasa. Wanda duk ya tambaya sai in ce ai Dogara ya ba ta hutu.

Wata Talata aka kwana ana ruwa. Da safe na shiga na tarar Hajo na ba shi koko da cokali, ya sha kaɗan ya kau da kai. Fuskarsa ta yi fayau. Ya ce in karanta masa Yasin, na karanta yana bi da leɓe. Da muka shafa ya yi mini alama in matso.

"Akwai mai?"

"Tanki cike."

"Madalla. Kada ka yi gudu a caɓi, ka tsufa."

Bai ƙara wata magana ta duniya ba. Hantsi ya ɗaga yana maimaita kalmar shahada tare da mu, har muka ji mu kaɗai muke yi. Na shafe masa ido. Allah ya jiƙan Dogara.

Na bar Hajo a hannun mata, na shiga ɗakina na buga wa Mustapha a ofis. Sai ga ni ina tambayarsa ko a zaune yake, ko akwai wani kusa da shi. Ya yi salati, ya yi kuka, sannan ya ce, "Baba Lawal, zan biya gidan rediyo in ba da sanarwa kafin in kamo hanya. Jana'iza bayan la'asar ko?"

Da na ce masa kada ya bayar, da ya bari, don bai taɓa ƙetare maganata ba. Amma ban ce ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙafarsa a ƙofar gidajen mutane, a binne shi da 'yan unguwa kawai? Ina! Kuma da yamma an gani, maƙabarta ta cika ta batse, har daga Soba da Giwa da Maƙarfi an zo, kuma wannan aikin rediyo ne, ko yau ban janye ba. Na ce masa, "Bayar. Amma ka roƙe su kada su karanta sai bayan labaran rana." Na ajiye tarho na je na yaye buhu daga kan Besfa.

Bugu ɗaya ta tashi. Tunda rabin birni ya kalli darasi, duk wanda ya gan ni a kanta ya san abin da ya faru. Daga ƙofar gida har Ƙofar Kuyambana ba wanda ya tsai da ni. Masu shago suka riƙa miƙewa tsaye, wani mai kurar ruwa ya janye kurarsa gefe yana salati.

Bayan ƙofa hanya ta yi kyau, har na fara cewa a raina na ci. Sai na iske ruwan daren jiya ya cinye kwalbatin da ake bi a shiga unguwar su Yaya, rafi na gudu jawur. To fa! Na jingine Besfa a gindin wani mangwaro na bar wa wasu manoma amana, na tattare riga, na riƙe takalmi a sama, na shiga. Ruwa har gwiwa. Na fito na ci gaba a ƙasa, caɓi na riƙe ni, ƙafar nan mai ciwo kamar za ta cire.

A nan ne na ji an fara labaran rana. Daga gidan farko muryar ta fito ta kan katanga, kafin ta dushe gida na gaba ya karɓa, sai na gabansa. Duk unguwar tasha ɗaya suke ji. Ni da na yi shekara da shekaru ina yabon saurin abin nan, yau ga ni ina roƙon Allah ya sa tari ya kama mai karatun, ko a samu wani dogon jawabin gwamnati. Ina tafe ina haki ina yi wa Dogara masifa a zuci, shi ya kwanta ya huta, ya bar ni ina tsere da Kaduna da ƙafa ɗaya da rabi.

Na tsaya a zaure na daidaita numfashi, na saki fuska iyakar iyawata. "Salamu alaikum."

"Amin, wa alaikumus salam. Lawandi ne? Yau kai ne a gari? Shigo mana."

Tana zaune a tabarma a inuwar rumfa, ta miƙe ƙafa, da faifai a cinya tana tsige ganyen zogale. Rediyo na jingine da gwiwarta. A zaune take, ba wuta, ba wuƙa. Ana kan labarin rabon taki, kuma ni da na san tsarin labaran nan na san saura kaɗan.

Na durƙusa na gaishe ta. "Yaya, kamar batirin nan ya yi sanyi. Miƙo in duba miki."

"Jiya Sailuba ta sa sabo. Bari, yanzu za a shiga sanarwa."

Wannan kuma ba ya cikin darasi. Na miƙa hannu zan ɗauka, ta buge shi da reshen zogale kamar yaro ya taɓa nama. Garin haka hannunta ya taɓa gefen rigata, ta ji shi sharkaf. Ta shafa ƙasa, ta ji caɓi a ƙaurina. Ta ɗago ta kafa mini idanun nan nata masu yana.

Ita da kanta ta murɗa rediyon ya mutu.

"Ga randa can," ta ce. "Ɗebo ka sha. Ba ni da mai miƙo maka."

Na ɗebo na sha, ruwan na zuba a gemu. Na dawo na zauna kusa da ita.

"Mutum ɗaya ne ke ratso mini rafin nan da rana tsaka," ta ce. "Shi ya kawo mini na maigida, shi ya kawo na 'yata Mariyamu. To yi yadda ake yi, Lawandi. Kada ka tsallake."

"Yaya, jikin Dogara ya yi nauyi."

"Nauyi kamar yaya?"

"Sai haƙuri, Yaya. Allah ya yi wa Dogara rasuwa, yau da hantsi. Ina wurin. Ya cika da kalmar shahada."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta yi ta maimaitawa, ta damƙe hannun rigata gam. Ta karkata kamar za ta kife, na tare ta da kafaɗa har ta dawo daidai. Sannan kukan ya zo, ba mai ƙara ba. Da ta fara, ni ma na saki nawa.

Muna cikin haka, ta kan katangar maƙwabta muka ji mai sanarwa ya yi salati ya ce Allah ya yi wa Malam Dogara mai ɗinki na Anguwar Kahu, cikin birnin Zariya, rasuwa. Za a yi jana'iza bayan sallar la'asar. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya da jikoki, da yayarsa Ummukulsum ta Kufena. Ta ɗaga kai ta saurara har ƙarshe.

"Ka ji," ta ce tana share ido da gefen zane. "Ɗan nema, yau ga shi a rediyo. Har da ni a ciki." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. "Ashe wayo ya yi mini da babbar rigar nan. Shi ya aiko ka?"

"Shi ne. Har darasi ya yi ta ba ni. Mayafin Hajo yake yafawa, wai shi ne ke."

"Ni? Yana kwance ciwo na cinsa yana kwaikwayona? Allah ya shirye shi." Ta tsaya. Leɓenta ya yi motsi. "Allah ya jiƙansa," ta gyara.

"Amin, Yaya."

Na ce mata da zarar Sailuba ta dawo zan fita in nemo mota mu tafi birni, ta samu ganinsa kafin a ɗauka. Ta gyaɗa kai. Ta jawo faifan ta ci gaba da aikinta. Reshen da ke hannunta tuni ba sauran ganye a jikinsa, amma yatsunta suna ta bin sa daga sama zuwa ƙasa, ni kuma ina zaune a gefenta caɓi na bushewa a ƙafata.